Ku Tambaya Mu Amsa: Rege da Dub a Kunnen Mutanen Karkara

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan kiɗan rege na ƙasar Jamaika ne, irin na su Bob Marley, kuma abin da ya faranta min rai yawancinsu ba daga cikin birni suka fito ba, daga ƙauyukan Kano da Jigawa ne. Masu bibiyar filin nan sun san ni ma'abocin wannan kiɗa ne tun zamanin kaset, don haka in kun ga na zarce da bayani a wani wurin sai ku yi min uzuri. Wasu sun roƙi kar a sa sunansu, sai na cire na kowa na bar sana'a da gari kawai.

TAMBAYA: Slm Malam barka da aiki. Ni sana'ata cajin waya da tura waƙoƙi a memori, ina da ɗan shago a bakin kasuwa. Wani direban babbar mota mai kai kaya Fatakwal ya kawo min memorinsa in kwafe masa a sabo, to a ciki sai na ji wani kiɗa irin na su Bob Marley amma abin mamaki mawaƙin yana faɗin kalma biyu uku sai muryar ta ɓace tana ta maimaita kanta har ta mutu, sai ganga da bes kawai suna tafiya, can kuma sai kaji kamar an yi tsawa. Nace masa memorin nan ya lalace, yace a'a haka abin yake wai sunansa dub. Wlh tun ranar kullum sai na kunna in zan rufe shago kuma ban san me nake ji ba. Dan Allah menene shi kuma wa ya ƙirƙiro shi?
Daga mai cajin waya, Gujungu, Jigawa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Direban nan gaskiya ya faɗa maka, memori lafiyarsa ƙalau, kuma ka faɗo kan abin da ni duk cikin kiɗan duniya babu wanda ya kama min zuciya kamarsa. Wanda ya ƙirƙiro shi kuma kusan ɗan sana'arku ne, mai gyaran rediyo da amfilifaya.

Bari in ɗan komo baya. Jamaika tsibiri ne a yankin Karebiyan, yawancin mutanenta jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne, ta samu 'yanci daga Ingila a 1962. A babban birninsu Kingston tun shekarun 1950 talaka ba shi da kuɗin shiga otal ya kalli makaɗa, ba shi da garmaho a gida, sai wasu masu dabara suka riƙa haɗa manyan akwatunan sifika su jera a fili da daddare su sa faifai, mutane su biya 'yan kuɗi kaɗan su shiga. Manyansu a lokacin su ne Coxsone Dodd da Duke Reid, kuma gasa ce mai zafi tsakaninsu, kowa yana son ya sa faifan da abokin hamayyarsa ba shi da shi, har ta kai suka buɗe situdiyo nasu na kansu suna buga waƙoƙi. Da farko kiɗan mai sauri ne ana ce masa ska, wajen 1966 ya lafa ya zama rocksteady, zuwa 1968 aka shiga rege.

To shi ƙaramin faifai fuska biyu gare shi, gaba da baya. Gaba waƙa, baya kuma maimakon a kashe kuɗi a yi sabuwar waƙa sai aka fara sa kiɗan wannan waƙar ba murya. Da aka gwada a fili sai aka ga jama'a sun fi haukacewa a kan bayan faifan, don su suke rera waƙar da bakinsu, kuma mai riƙe da makirfo yana samun sarari ya yi ta zuba magana a kai. Daga nan Osbourne Ruddock ya shigo, wanda duniya ta sani da King Tubby. An haife shi a 1941, yana da ɗan wurin gyaran kayan lantarki a unguwar Waterhouse, yana naɗa tiransifoma da hannunsa, yana haɗa wa masu kayan sauti amfilifaya, shi ma yana da nasa kayan. Ba mawaƙi ba ne, ba makaɗi ba ne. A farkon shekarun 1970 ya sayi tsohuwar na'urar haɗa sauti mai layi huɗu ya kafa a wani ɗan ɗaki a gidansu.

Ga yadda abin yake, kuma na san kai za ka gane da wuri. A kan zaren tef ɗin ganga tana layinta, bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, yana nasa, jita da fiyano da ƙaho suna nasu, murya tana nata. Kowane layi yana da maɓallin da ake turawa sama ko a ja ƙasa. Sai Tubby ya kunna tef, yana tafiya yana jan murya ƙasa ta ɓace, ya ja jita ta ɓace, ya bar ganga da bes tsirara, can ya sako kalma ɗaya ta mawaƙin ya tura ta cikin na'urar amsa-kuwwa. Ita wannan na'urar tef ce ita ma, kai ɗaya yana ɗauka ɗaya yana karantawa a bayansa kaɗan, abin da aka karanta a sake mayar da shi a ɗauka, shi ya sa kake jin kalmar tana maimaituwa tana dusashewa kamar ka leƙa tsohuwar rijiya mai gaba dubu ka yi kira. Tsawar da ka ji kuwa akwai wani akwati mai siririn sifirin a ciki da ake bi da sauti ta cikinsa don ya yi amo, to shi yake bugawa da hannu sai ya ba da wannan ƙarar. Akwai kuma wani babban maɓalli a na'urar tasa da yake murɗawa ya tsame kaurin sauti ya bar siririn, ka ji kiɗan kamar ana tsotse shi sannan ya dawo da ƙarfi. Duk wannan da hannu ake yi a take yayin da tef ke tafiya, babu kwamfuta, in aka sake yi gobe ba zai fito iri ɗaya ba.

Ka ce ba ka san me kake ji ba. Ni abin da nake ji shi ne sarari. Yawancin kiɗan zamani cika kunne suke yi, ko'ina an cusa wani abu, ba a bar maka inda za ka numfasa ba. Dub ragewa yake yi. An ɗauke muryar amma kunnenka bai daina jiranta ba, kuma cikin wannan jiran ne za ka fara jin abin da da can ba ka kula da shi ba, yadda mai bes yake ɗan jinkirtawa kafin ya sauka, yadda mai ganga yake barin bugun farko fayau ya sauke nauyinsa a na uku. In kana ƙirga ɗaya biyu uku huɗu za ka ji shi, wannan salon Carlton Barrett mai gangar su Bob Marley ya shahara da shi, ɗan'uwansa Aston kuma yana kan bes. Ina saurayi a garinmu lokacin da batir yake da tsada, in aka dawo daga gona aka yi sallar isha'i nakan rage murya in kara kunne jikin rikoda, kuma har yau in raina ya ɓaci ko kaina ya cika da lissafin rayuwa wannan kiɗan ne yake saukar min da numfashi. Ba ya gaggawa, ba ya roƙonka ka yi rawa. Sannan ina ƙaunarsa don inda ya fito, unguwar talakawa, ɗaki ɗaya, tsofaffin kayan da wasu suka gama da su, da mutum ɗaya mai kunne da haƙuri.

In za ka nema ka fara da faifan King Tubbys Meets Rockers Uptown na 1976, aikinsa ne da Augustus Pablo mai busa wata 'yar sarewa mai madannai irin na fiyano. Sai Super Ape na Lee Perry shi ma 1976, wanda ya haɗa a situdiyonsa Black Ark da ya gina a bayan gidansa, nasa ya fi duhu da cunkoso, ni na fi son na Tubby amma akwai ranar da sai na Perry. Sai yaran da Tubby ya koya wa aiki, Scientist da Prince Jammy. Shi Tubby harbe shi aka yi a ƙofar gidansa a Fabrairun 1989. Duk wannan sake haɗa waƙa da ake yi yau ana kira rimis, da maganar da U-Roy mai riƙe makirfon Tubby ya riƙa yi a kan kiɗansa wadda irinta Kool Herc ɗan Kingston ya tafi da ita New York aka samu tushen hip hop, akwai hannun mai gyaran rediyon nan a ciki.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce, ƙanwar ɗana ce take rubuta min wannan saƙon. Ɗana ne ya tafi Legas ci-rani yana acaɓa, da ya dawo damina sai ya zo da wannan kiɗan na 'yan rasta dare da rana, ga wata hula mai ja da ɗorawa da kore, kuma ya ƙi aski gashi ya fara cukurkuɗewa. Babansa ya ce ko ya aske ko ya bar masa gida. Gaskiya yana sallah yana zuwa gona bai taɓa ɗaga min murya ba, amma mutane suna ta ce min duk mai jin wannan kiɗan ɗan wiwi ne kuma wai suna da wani addini nasu daban. Hankalina ya tashi bana iya barci. Dan Allah ka gaya min tsakani da Allah.
Daga wata uwa, wani ƙauye kusa da Birnin Kudu

AMSA: Mama Allah ya kwantar miki da hankali, ya shirya mana zuri'a. Tunda kin ce tsakani da Allah to ba zan ɓoye miki komai ba don ina son kiɗan.

Maganar addini akwai ta. A 1930 aka naɗa Ras Tafari Makonnen sarkin Habasha ya ɗauki sunan Haile Selassie, sai wasu talakawan Jamaika da bauta da mulkin Turawa suka gallaba, waɗanda suka taso da kiran Marcus Garvey na baƙar fata ya dubi Afirka, suka ɗauke shi a matsayin mai ceto, da yawansu har suka kai shi matsayin ubangiji, wa'iyazu billahi. Su ne Rastafari. Shi kansa sarkin Kirista ne ɗan cocin Habasha har ya mutu a 1975. Wannan aƙida musulmi ba shi da hanya da ita ko kaɗan, kuma gaskiya ne akwai waƙoƙin rege masu yawa da yabon wannan sarkin ne a cikinsu, ni irin waɗannan tsallake su nake yi, yana daga cikin abin da ya sa na fi karkata ga dub inda maganar ba ta da yawa. Launukan hular kuwa na tsohuwar tutar Habasha ne, ƙasar da sahabbai suka yi hijirar farko zuwa wurin Najjashi, yawancin samarinmu da ke sawa ado kawai suka ɗauke ta, ko ki tambaye shi zai yi wuya ya kawo miki wannan tarihin.

Maganar wiwi ita ma akwai ta. 'Yan ƙwadagon Indiya da Turawa suka kai Jamaika daga 1845 bayan an hana bauta su suka je da ita, 'yan Rasta suka mayar da ita wani ɓangare na ibadarsu, Peter Tosh har faifai ya yi a 1976 yana kiran a halatta ta. A nan ƙasar haramun ce a shari'a, laifi ce a doka, hukumar NDLEA tana kamawa, kuma duk wanda ya zauna a ƙauye ya ga saurayin da ta mayar abin tausayi.

Amma Mama cewa duk mai jin rege ɗan wiwi ne wannan ba gaskiya ba ne, ni shaida ne a kan kaina da abokaina da muka taso tare, cikinsu akwai malamin makaranta akwai mai awo a kasuwa. Lucky Dube na Afirka ta Kudu, wanda na tabbata yana cikin waɗanda ɗanki yake ji don babu tashar motar da ba a sa shi, an san shi da cewa ba ya shan wiwi ba ya shan giya, har waƙa ya yi a kan yadda giya take mayar da mutum bawa. Mawaƙin rege Tiken Jah Fakoly na Kwaddebuwa daga gidan musulmi ya fito. Abin da ke jan yaro irin naki wurin wannan kiɗa sau da yawa maganar da ke ciki ce, zalunci, yunwa, ɗan sanda mai karɓar na goro, mai mulki da ya manta da talaka. Yaron da ya yi acaɓa a Legas ya kwana a ƙarƙashin rumfa an kama masa babur an wulaƙanta shi don daga Arewa ya zo, in ya ji wani yana rera irin abin da ya gani dole ya ji kamar da shi ake.

Don haka ki bar kallon hular ki kalli yaron. Mai shaye-shaye ba ya ɓuya ga uwarsa. Ido yana ja, leɓe yana baƙi, barci ba lokaci, kuɗi ba sa zama, abokai sun canja, yana yawan keɓewa a bayan gari ko kangon gini, sallar asuba ta fara kuɓucewa. Kin ce yana sallah yana noma yana girmama ki, to waɗannan manyan shaidu ne. In kuma kin ga waɗancan alamun to ko wa'azi yake saurare dare da rana sai an tashi tsaye.

Gashi kuwa ina bayan babansa a kan a aske, ba na bayansa a kan kora. A garuruwanmu wannan gashin yana jawo wa yaro zargi, ya hana shi matar aure, ya sa jami'an tsaro su tare shi a hanya ba gaira ba dalili, kuma bai ƙara wa kowa jin daɗin kiɗa ba, King Tubby da na gama ba da labarinsa a sama kansa a aske yake tsaf. Amma yaron da aka kora ina zai nufa in ba wurin waɗanda ake gudun ba? Ki samu kawunsa ko wani yayansa da yake jin nauyi, ya zauna da shi ba a gaban mutane ba, ya tambaye shi me ya gani a Legas, ya saurare shi tukuna kafin a zo maganar wanzami. Hukuncin sauraren kiɗa shi kansa kuma fagen malamai ne, ku tuntuɓi malamin da kuka amince da shi a garinku, shi ma yaron a je da shi ya ji da kunnensa.

TAMBAYA: Musu muke a teburin mai shayi. Wasu sun ce Bob Marley allurar guba aka sa masa a takalmi, kuma wai Lucky Dube ƙaninsa ne. Sannan akwai ɗan Najeriya da ya yi suna a rege?
Daga wani ɗalibi, Sumaila, Kano

AMSA: Ɗalibi ka gaida 'yan majalisa. Bob Marley ciwon dajin fata ne ya kama shi a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafa, an gano a 1977, likitoci suka ba da shawarar a yanke yatsan bai yarda ba, ciwon ya bazu a jiki, ya rasu a Miami ta Amurka ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. Labarin takalmi zance ne da ya yaɗu ba shi da hujja. Abin da ya tabbata shi ne an taɓa kai masa hari da bindiga a gidansa a Disambar 1976 ya ji rauni ya tsira, kuma a Afrilun 1980 ya zo Zimbabuwe ya yi wasa a bikin samun 'yancinsu.

Lucky Dube ba su haɗa komai ba sai sana'a, shi ɗan Afirka ta Kudu ne, da kiɗan gargajiyar Zulu ya fara kafin ya koma rege a zamanin wariyar launin fata, 'yan fashin mota suka harbe shi a Johannesburg ranar 18 ga Oktoba 2007. A Najeriya kuwa akwai Majek Fashek mai waƙar roƙon ruwan sama da ta game ƙasa a 1988, ya rasu a 2020, da Ras Kimono da ya rasu a 2018, da Orits Wiliki da Evi Edna Ogholi.

TAMBAYA: Yaya ni tela ne, ina jin rege a waya in ina ɗinki amma wani abokina da ya zauna a Jos ya ce wai rabin kiɗan nake ji. Ni dai ban gane ba tunda waƙar ai ita ce dai. Kuma mu nan ba wuta sai ɗan sola.
Daga wani tela, Roni, Jigawa

AMSA: Abokinka ya yi gaskiya, in dub ne ma ya fi rabi. Nauyin wannan kiɗan a bes yake, igiyar bes mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 41 ne a daƙiƙa, kuma kafin a fitar da sauti mai kauri haka sai an tura iska mai yawa. Sifikar waya ko farcen yatsa ba ta kai ba, ina za ta iya? Sai ta ba ka murya da ƙarar jita ta zubar da sauran. Mafi sauƙi ka sayi abin kunne mai kyau irin mai rufe kunnen gaba ɗaya, nan take za ka ji wani abu ya bayyana a ƙasan waƙar da ka daɗe kana ji.

In kuma shagon kake son ya ɗauka, ka nemi sifika mai inci 12 ko da ta hannu ce, a Sabon Gari a Kano ana samu, ka kai wa kafinta ya yi mata akwati da katako mai kauri, falanki mai kaurin inci uku bisa huɗu ya isa, a sa gam a haɗin a ɗaure da sukuru kar a bar ko ƙaramar kafa da iska za ta tsere, a ɗan cusa auduga ko soso a ciki. Sifika ba akwati ba ta ba da bes, don iskar gaba da ta baya cinye juna suke yi. Sai ƙaramar amfilifaya irin ta mota mai aiki da bolt 12, batirin solarka zai ɗauke ta kai tsaye ba sai da inbata ba, ka dai sa fiyus a wayar da ta fito daga batir, kuma ka sa mai gyara ya duba maka cewa om ɗin sifikar, 4 ne ko 8, ya dace da amfilifayar. Ka ajiye akwatin a ƙasa a kusurwar shago, bango yana ƙara masa kauri.

Abu ɗaya nake roƙonka, kar ka ƙure. Bes yana ratsa katangar ƙasa ya shiga ɗakin maƙwabci inda wataƙila akwai mara lafiya ko mai jego, in an kira sallah a kashe, in ana karatu a tsangayar kusa a rage. Dub ma ya fi daɗi a tsaka-tsaki, kuma kunnen da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

TAMBAYA: Malam mu gidanmu makaɗan kalangu ne kaka da kakanni, ni ma ina taɓawa amma yanzu biki duk DJ ake kira an bar su baba a zaune. Da na ji wannan dub ɗin sai nake tunanin ko za a iya yi da kalangu da garaya ko kuwa sai da kayan Turawa?
Daga ɗan makaɗa, Kibiya, Kano

AMSA: Ɗan'uwa wannan tambayar ta fi kowacce faranta min rai, don na daɗe ina wannan tunanin. Za a iya, dub hanyar sarrafa sauti ce, duk abin da aka ɗauka layi-layi za a iya yi masa. Su kansu mutanen Jamaika a ƙarƙashin rege akwai gangunan hannu guda uku da su Count Ossie, makaɗan 'yan Rasta, suka riƙe, babba da matsakaiciya da ƙarama mai yin magana a sama, tsarin da duk ɗan gidan makaɗa zai gane da jin farko.

Sharaɗin shi ne kar ka ɗauki kowa a lokaci ɗaya da waya ɗaya a tsakiya, in ka yi haka ba abin da za ka iya cirewa. Ka samu ɗakin soro mai shiru da daddare bayan an kashe injin niƙa, ka fara ɗaukar babbar ganga ita kaɗai, sannan mai garaya ya sa abin kunne yana jin gangar ya bi ta, ka matso da wayar kusa da ƙoƙon don kaurin ya shiga tunda ita za ta tsaya a matsayin bes, sannan kalangu, sannan murya da 'yan amshi. Manhajar BandLab a waya kyauta ce kuma tana ɗaukar layi da yawa tana da amsa-kuwwa, in akwai mai kwamfuta a kusa Audacity ma kyauta ce.

Inda za ka yi hattara shi ne kalangun kansa. Gangar rege bugu kawai take yi, kalangu kuwa magana yake, matsa tsarkiya da sakinta shi ke fitar da take da kirari har mahauci ya ji an kira shi daga nesa. In ka zuba masa amsa-kuwwa tun daga farko har ƙarshe maganar za ta hau kan juna ta dagule, su baba za su ce ka ɓata musu kiɗa kuma sun yi gaskiya. Ka bar shi ya gama faɗin abin da zai faɗa sarai, bugun ƙarshe kaɗai za ka saka a kuwwar ya tafi, sannan ka janye komai ka bar ganga da garaya su yi ta tafiya kafin ka dawo da amshi. Kuma ka nemi izininsu kafin ka ɗauka, ka gaya musu inda za ka sa shi, akwai taken da na wani gida ne ko na sarauta wanda ba a wasa da shi, su suka san waɗannan. In Allah ya sa abin ya kawo ko sisi ne ko an kira ka biki saboda shi, a raba da su, don da yawan makaɗan Jamaika da suka buga kiɗan da duniya take ji har yau kuɗin yini kawai aka ba su, wasunsu sun mutu ba su da komai. In ka haɗa na farko ka turo ta adireshin mujalla, ina son in ji, kuma ka rubuto min sunan taken da kuka buga da wanda aka yi wa shi.